Shin dole ne a canza famfon ruwa tare da taimin bel?

Tambaya: Ina da Toyota Sienna ƙirar 2005 mai injin V6, ina jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Abuja. Na kai ta gareji a canza mini taimin bel, sai bakanike ya ce in sayo sabon famfon ruwa a haɗa gaba ɗaya. Ni kuwa ban taɓa ganin tana zubar da ruwa ba, kuma ba ta zafi. Dole ne, ko dai so yake ya ƙara mini kashe kuɗi?

Amsa:

Malam, a kan wannan motar taka bakaniken ya gaya maka gaskiya. Da ni ka kawo wa, abin da zan ce ke nan, amma da sharaɗi guda: famfon da za a sa ya zama na ainihi. In jabu za ka sayo, magana ta canza, kuma zan zo kanta.

Sienna ta 2004 zuwa 2006 tana ɗauke da injin 3MZ-FE mai lita 3.3, irin wanda ke cikin Lexus RX330 da wasu Highlander. A wannan injin, da yayansa 1MZ-FE mai lita 3.0, taimin bel ba kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) kaɗai yake juyawa ba. Yana tashi daga karanshaf (babbar sandar da fistan ke juyawa), ya hau fulin kamshaf na gaba da na baya, ya bi ta kan ƙananan fuli guda biyu, kuma a kan hanyarsa yana juya famfon ruwa. Wato famfon yana can ciki, bayan murfin taimin, bel ɗin ya rungume shi. Kafin hannu ya kai gare shi sai an ɗaga motar, an cire tayar gaba ta dama, an kwance fambel da bel ɗin fawa sitiyari, an tokare injin daga ƙasa an cire injin sit na gefen dama da ƙarfen da ke riƙe da shi, an kwance babban notin fulin karanshaf, sannan a buɗe murafen. A wannan injin ma sau da yawa sai an cire fulin kamshaf da murfin ƙarfen da ke bayansu kafin famfon ya fito salin-alin. Aikin yini ne ga mai yi a tsanake.

Kusan duk wannan kwance-kwancen shi ne kuɗin aikin da kake biya don canza bel. In an riga an kai nan, cire famfon bai wuce kwance 'yan notuna da zubar da ruwan lagireto ba. In kuwa aka rufe aka bar tsohon, ya fara yoyo bayan wata huɗu ko shekara, sai an maimaita aikin tun daga farko, ka sake biya, motar ta sake kwana a gareji, kuma bel ɗin da ka saya sabo ya riga ya sha ruwa. Kamar mutum ne ya kware rufin ɗaki don canza kwano, ya bar tsohon katakon da ke ƙarƙashi saboda bai karye ba tukuna. Saboda haka bakaniken da ke son cin kuɗinka ba zai matsa maka ka canza yanzu ba, shiru zai yi ya jira ka dawo.

Amma kuɗin aiki shi ne ƙaramin dalili. Babban dalilin shi ne abin da famfon ke yi wa bel in ya mutu.

Famfon ruwa abu ne mai sauƙin ƙira: sanda guda ce, a kai ɗaya akwai fulin da bel ke juyawa, a ɗaya kan akwai farfelar da ke tura ruwa, a tsakiya kuma boris da sil. Sil ɗin nan fuskoki biyu ne masu santsi da ke gogar juna duk lokacin da inji ke aiki, su ne ke hana ruwa isa ga boris. In suka fara cinyewa, ruwa yana fita ta wani ɗan rami da kamfani ya huda da gangan a ƙasan famfon don ya zama alama. To, a motarka wannan ramin yana bayan murfi. Ɗigon farko ba ya kaiwa ƙasa, zafin inji yake busar da shi, ya bar ɓawon fari ko ja-ja a jikin famfon inda ba mai gani. Don haka cewa ba ka taɓa ganin ruwa a ƙarƙashin mota ba, bai nuna famfon lafiyarsa ƙalau ba. Sai an buɗe ake sani, kuma ko an buɗe, abin da za a gani shi ne halin da yake ciki yau, ba yawan kwanan da ya rage masa ba.

Idan ruwan ya samu shiga boris, yana wanke giris ɗin ciki. Daga nan sandar ta fara wasa, fulin ya karkace, bel ya riƙa gudu a kaikaice yana cin gefensa. Wani lokaci za ka ji gurnani ko ƙara daga gefen dama na injin, wani lokaci kuma babu gargaɗi, boris ɗin ya cije kawai. Fulin da ya tsaya cak alhali bel yana gudu a kansa, cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona bel ɗin, ya tsinke ko ya tsallake haƙora.

Abin da zai biyo baya ya danganta da irin injin. Akwai injinan da fistan da bawul suke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban-daban, taimin ne kawai ke raba su. Bel na tsinkewa sai kamshaf ya tsaya da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuwa yana ci gaba da juyawa da ƙarfin gudun mota, fistan ya hau ya doke su. Kamfanonin da ke yin bel suna lissafa 3MZ-FE a cikin wannan rukunin, kuma bawul 24 ne a cikinsa. Wanda abin ya same shi a kan gudu tsakanin Zariya da Kaduna, ba maganar bel yake yi ba kuma, maganar sauke tof silinda biyu ce, ko neman wani injin Beljiyam. Akwai kuma injinan da ba su da wannan haɗarin, kamar 5S-FE mai lita 2.2 na Camry ƙirar 1997 zuwa 2001: in bel ya tsinke mota mutuwa kawai take yi, a ja ta, a sa sabo, a tashe ta. Ko a irin wannan, mutuwar mota da fasinja cikin dare a hanyar da kake bi ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kuma lissafin da masu mota ba su cika yi ba. Toyota ta sa wa'adin bel ɗin wannan injin a mil 90,000, kusan kilomita 145,000. In ka bar famfon da ya riga ya yi zagaye ɗaya, kana nufin ya kai zagaye na biyu, wato kusan kilomita 290,000, ba tare da ya yi tari ba. Akwai famfunan ainihi da suke kaiwa, ban musa ba. Amma waɗannan a motocin da ba su taɓa shan komai ba sai kulant (ruwan lagireto na musamman) mai kyau ne. Motar da aka shigo da ita daga Amurka, ta shekara da shekaru a nan tana shan ruwan rijiya da na burtsatse, ba ta cikin wannan sahun. Sannan sabon bel da sabuwar tenshina (abin da ke tamke bel) suna ɗaure fulin da ƙarfin da tsohon boris ya daɗe bai ji ba, shi ya sa ake yawan ganin famfon da ya yi shiru shekaru ya fara kuka makonni kaɗan bayan canza bel. Mai mota ya ce bakanike ya ɓata masa, alhali tsufa ne ya fito fili.

Kada kuma ka dogara da lambar da ke kan dashbod. Motar Amurka da mil take ƙirga, ba kilomita ba, kuma kowa ya san ana mayar da lambar baya kafin mota ta iso hannun mai saye. Duba jikin murfin taimin ko ƙarƙashin bonet, wani lokaci akwai 'yar takarda manne da ke nuna ranar da aka canza bel da yawan tafiyar da motar ta yi a lokacin. In babu, ɗauka ba a taɓa canzawa ba. Roba tana tsufa ko mota tana ajiye, zafi kuma yana gaggauta tsufan. Honda ma ta rubuta wannan a littafin motocinta masu V6: wa'adin da ta saba bayarwa mil 105,000 ne ko shekara 7, amma ga wanda ke yawan tuƙi a zafin da ya haura digiri 43, ta rage shi zuwa mil 60,000. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san da wa ake. Ni motar haya da ke aiki kullum a ƙasarmu ba na barin bel ɗinta ya wuce kilomita 100,000, ko me littafi ya ce.

Ga sauran masu karatu: wannan hukuncin ba na kowace mota ba ne, kada wani ya ɗauka ya je ya sa a kwance masa inji a banza. Tambayar da za ka yi wa bakanikenka ita ce, wane bel ne ke juya famfon? A Peugeot 406 da aka haɗa a Kaduna, da 206, da yawancin Golf 4, da Honda Accord ƙirar 1998 zuwa 2002, da Honda masu V6 irin Pilot da Odyssey, taimin bel ne, don haka duk abin da na faɗa ya shafe su. Golf 4 ma tana da ƙarin matsala: farfelar famfonta na asali ta roba ce, takan tsage ko ta saki sandar, mota ta riƙa zafi ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Amma Golf 3 mai lita 1.8, wadda ta cika tashoshinmu, tana da taimin bel, famfonta kuwa bel na waje ne ke juya shi. Haka Corolla ta tsakiyar shekarun 1990 mai injin 4A-FE. A irin waɗannan in famfon ya mutu mota za ta yi zafi, amma ba zai tsinka taimin ba, don haka ana duba shi ne, in lafiya a bar shi. Su kuma Corolla ta 2003 zuwa sama, da Camry mai lita 2.4, da Accord mai silinda huɗu daga 2003, da Sienna daga 2007, sarƙa ce a cikinsu maimakon taimin bel. Duk wanda ya ce zai canza maka taimin bel a ɗaya daga cikinsu, ɗauki motarka ka ƙara gaba.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna faɗawa. Shawarar a canza famfo tare da bel ta ginu ne a kan cewa sabon ya fi tsohon. A kasuwarmu ba kullum haka yake ba. Ko Ƙofar Ruwa ka je, ko Panteka, ko Apo, ko Ladipo, za ka tarar da famfo iri uku ko huɗu na mota ɗaya, duk a kwali mai kyau, wasu har da tambarin Toyota, farashin wani bai kai rabin na wani ba. Famfon da ya zo da motarka daga kamfani, kamfanin Aisin ne ya ƙera shi. Cire lafiyayyen Aisin ka sa jabu mai boris ɗin da ba zai yi shekara ba, ka jawo wa kanka daidai masifar da kake gudu, kuma da kuɗinka. In aljihu bai kai na ainihi ba, kuma aka buɗe aka tarar tsohon a bushe yake, ba ɓawon kulant, fulin yana juyawa sumul da ɗan nauyi a hannu, ba ya wasa in an girgiza shi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: a bar shi, ka san ka ɗauki kasada, ka riƙa duba ruwa kullum. Amma ga motar da kake ci da iyali da ita, ni na fi son ka jinkirta aikin da mako biyu ka tara kuɗin na ƙwarai, in dai bel ɗin bai nuna tsagewa ba.

Famfon Beljiyam kuwa, wanda aka ciro daga wani injin, kada ma ka fara. Sil ɗin da ya daɗe a bushe a kan kantar shago ba abin dogaro ba ne, kuma ba wanda ya san tafiyar da ya riga ya yi.

In za ka saya, je da bakaniken, ko ka bari a ciro tsohon ka tafi da shi a gwada su gefe da gefe. Dubi zubin ƙarfen: na ainihi yana da tsabta, sunan kamfani a zube yake a jikinsa, fuskar da ke haɗuwa da inji a goge take sumul. Juya fulin da hannu. Sabon famfo mai kyau yana da ɗan tauri saboda sil ɗin yana riƙe da shi. Wanda ke wulwulawa sakaka ko yake ƙaiƙayi kamar da yashi a ciki, ajiye shi. Ƙirga fikafikan farfela ka gwada tsayinta da ta tsohon. Bel kuma nemi Mitsuboshi ko Gates ko na Toyota, wurin ɗan kasuwar da zai yarda ya rubuta maka rasit da sunan shagonsa. Wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da ya sayar maka.

Tunda an buɗe, ƙananan fulin nan biyu ma a canza su, don boris ɗinsu ya yi tafiya daidai da ta famfon, kuma cijewarsu ɓarna ɗaya take yi. Tenshinar wannan injin mai mai ce a ciki. In an ga jiƙa a bakin sandarta, ko ana iya tura sandar da hannu, ta gama aiki. A duba sil ɗin kamshaf da na karanshaf, in akwai alamar baƙin mai a canza, don mai yana narkar da bel fiye da yadda ruwa ke yi.

Ranar aikin, in kana da hali ka tsaya a wurin. Ba don ka koya wa bakanike sana'arsa ba, sai don akwai abubuwa kaɗan da gaggawa ke sa a tsallake. A kankare fuskar injin tas kafin a ɗora sabon gasket, kuma kada a lafta gam. Yaran gareji suna son gam, suna ganin yawansa ne ke hana yoyo, alhali rarar da ta matso ciki ballewa take yi ta je ta toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Notunan famfon ƙanana ne, a cikin alminiyam suke shiga, ɗaurinsu kaɗan ne, a bi su a gicciye sannu-sannu. Wanda ya sa ƙarfi zai cinye zaren ko ya karya noti a ciki. Babban notin karanshaf kuwa akasin haka ne, yana son ɗauri mai tsanani, sama da Nm 200 a wannan injin, kuma in ya yi sako-sako fulin zai ci bakin karanshaf. In za a mayar da tsohuwar tenshina, a matse ta a bais a hankali ƙwarai, a sa fil ɗin da zai riƙe sandarta, ba a buga ta ba. Bel ɗin ainihi yana zuwa da layuka a bayansa na kamshaf ɗin hagu da na dama da na karanshaf, a daidaita su da alamomin da ke jikin inji. Bayan an zare fil, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku ta inda inji ke juyawa, a sake duba alamomin da ke kan fuli, kafin kowa ya taɓa makulli. Haƙori ɗaya in ya kauce, mota za ta tashi amma ba ƙarfi, ta ƙara shan mai, wutar inji ta kama a dashbod. In an ji ya tokare yayin juyawa da hannu, a tsaya, kada a tilasta.

Sai abin da za a zuba. Sabon famfo da ruwan fiya wata ko na rijiya, rabin aiki ne. Mutane suna ɗauka kulant na ƙasashen sanyi ne don hana ruwa daskarewa, mu ba ruwanmu. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa da zaizayar alminiyam, yana ɗaga matakin tafasa, kuma yana sa fuskokin sil su yi gudu cikin santsi. Ruwan burtsatse yana da gishirin ƙasa da ke taruwa ya zama ɓawo, tsatsa kuma tana zama gari mai kaifi da ke bi ta tsakanin fuskokin sil tana karce su. Duk bakaniken da ya daɗe a sana'a ya ciro famfon da farfelarsa ta cinye saura kututture. Motarka daga kamfani da kulant ɗin Toyota mai ruwan hoda ta zo, wanda a haɗe yake, ba a ƙara masa ruwa. In ja mai kauri ka samu, ana raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. A wanke tsohon ruwan har sai ya fito garau kafin a zuba. Tsohon kulant kuma a tare shi a roba, kada a bar shi kwance a ƙasa: yana da zaƙi, kuma guba ne ga yara da awaki.

In an taɓa cire wa motar tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama), kamar yadda aka saba yi wa motoci da zarar sun iso, yanzu ne lokacin mayar da shi. Injin da ke gudu a sanyaye kwamfutarsa ƙara masa fetur take yi, kuma cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye asalin matsalar kawai yake yi.

Sienna tana da bututun hita da ke tafiya har baya, don haka tana cin kulant fiye da ƙaramar mota, iska kuma tana samun wurin maƙalewa. A kunna hita ta gaba da ta baya zuwa ƙarshen zafi, a bar inji yana aiki har tiyon sama ya yi zafi, fanka ta kama ta saki, ana ƙarawa har kumfa ya daina fitowa. Iskar da ta rage a ciki tana iya sa sabon famfo ya yi gudu a bushe, ta kuma sa allurar zafi ta riƙa hawa da sauka. Kwana uku na farko, kowace safiya kafin ka tashe ta, duba lagireto da robar ajiya. Raguwa kaɗan a rana ta farko ba komai ba ne, amma in ta ci gaba da sha bayan haka, mayar da ita. Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka ciro ka gani da idonka, sannan a rubuta kwanan wata da lambar da ke kan dashbod da fenti ko alƙalamin maka a jikin murfin taimin, a kuma nuna ko mil ne ko kilomita.